Mai Sunan Marigayiya

Ni sunan kakana na ci, ban kuwa taɓa ganinsa ba. Shi ya sa har yau a gidanmu ba mai kirana da sunana na yanka, sai dai Abba. Ina jin wannan ne dalilin da labarin wata matacciyar ƙungiyar ƙwallo a Barazil ya tsaya mini a rai.

Wata rigar gwanjo ce sila. Na saye ta don launinta kawai, fara mai ratsin ja da baƙi, ashe ta São Paulo ce. Da na bi diddigin launukan sai na tarar gado ne. Jan na ƙungiyar Paulistano ne, baƙin kuma na wata da ake kira Associação Atlética das Palmeiras.

Kada mai karatu ya ɗauka Palmeiras ɗin nan mai koriyar riga nake nufi. Ni ma da farko haka na zata. Waccan an kafa ta a 1902 a birnin São Paulo, tana sa fari da baƙi, ta ci kofin São Paulo sau uku: 1909, 1910 da 1915. Filinta shi ne Chácara da Floresta, a bakin kogin Tietê. Daga baya bashi ya yi mata katutu. A 1929 Paulistano ta rufe sashen ƙwallonta, don ba ta yarda a mai da wasa sana'ar kuɗi ba. Su suna da 'yan wasa, har da gwani Friedenreich, ita kuma tana da fili. Sai aka haɗe a Janairun 1930, aka haifi São Paulo. Nan Palmeiras ta farko ta kwanta dama.

Abin da ya fi taɓa ni sai a 1942 ya faru. Barazil ta shiga yaƙi da Italiya, aka tilasta wa Palestra Italia, ƙungiyar 'yan ci-ranin Italiya, ta jefar da sunanta. Wanda ta ɗauka shi ne Palmeiras. Wato launin marigayiya ya tafi gida ɗaya, sunanta ya tafi wani gidan, gidajen biyu kuma ba sa ga maciji da juna.

Rannan na tambayi Inna ko na yi kama da mai sunana. Ta dube ni tsaf, ta ce, "Kai Abba, shi fa dogo ne."