Rufe Littafin, Ka Gaya Mini da Hausa

A shekarar 1976, da shirin UPE ya buɗe ƙofar firamare ga ɗan kowa, ina cikin samarin da aka ba ɗan gajeren horo aka miƙa musu alli. Daga Tudun Wada aka tura ni wani ƙauye a gindin duwatsun Riruwai, can bayan dajin Falgore. Yadda aka koyar da ni haka na koyar: in faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, in maimaita, su maimaita. In ajina ya ɗauki ruri har ana jiyowa daga bakin hanya, sai a ce malam yana aiki, ni ma in yarda.

Bayan wasu shekaru, wata rana muna darasin ma'adinan Nijeriya a aji shida, wani yaro mai kaifin hadda ya miƙe ya zubo su da Turanci tiryan-tiryan, har da garuruwan da ake haƙo su. Na ji daɗi ƙwarai. Sai na ce, "To ɗana, wancan na farkon, mene ne sunansa da Hausa?" Ya dubi allo, ya dubi yatsun ƙafarsa, ya yi tsit. Kuza ce fa. A safiyar nan mahaifinsa ya fita wankin kuza a rafi, kuma a Riruwai ake narka ta tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Yaron yana tsaye a kanta, sunanta yana bakinsa, amma bai san ita ba ce. Daren nan tuwo bai yi mini daɗi ba, don na san ba laifinsa ba ne.

Ashe maganin yana maƙwabtaka da ni. Alaramman tsangaya ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya biya allonsa sumul, kuma kaɗan-kaɗan ake rubutawa, gwargwadon ƙarfin yaro. Bayan an wanke allo ma ba a rabu da karatun ba, ana komawa tishe, don na baya kada ya zube. A makarantar zaure kuwa, mai karanta Ahalari ko Ishmawi yana jan layi ɗaya, malam ya fassara masa da Hausa, ba a wucewa sai ma'ana ta zauna. Mu 'yan boko mun ari ɗaga murya, muka bar tishe da fassara a baya. Hadda tana da muhallinta mai daraja, Alƙur'ani harafi da harafi ake tsare shi. Amma labarin ƙasa da kimiyya fahimta suke nema.

Tun daga ranar na sauya hannu. Yaro ya karanta sakin layi ɗaya tak, in ce, "Rufe littafin, ka gaya mini da Hausa." Da farko suna jin tsoro, suna zaton tarko ne. Wanda ya cije, ba na dukansa, sai mu koma mu nemo kalmar da ta tare shi, mu duba maƙwabtanta na gaba da na baya, mu yi hasashe, sannan a buɗe ƙamus a gani ko mun dace. Abin da aka karanta yau a waiwaye shi gobe, a sake bayan kwana uku, a sake ranar da mako ya zagayo. Mai jiran daren jarrabawa ya kwana da fitila, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kuma lura da wani abu: yaron da ya iya karanta Magana Jari Ce har ya yi dariya a inda ya dace, Turanci ba ya daɗewa yana ba shi wuya, don ya riga ya san cewa rubutu magana ce ake yi da shi. Tsarin ilimin ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, sai dai mu malamai da iyaye muka riƙa ganin haka kamar ci baya ne.

Yanzu jikata ce ke shirin WAEC da JAMB. Wayarta cike take da tambayoyin shekarun baya, ta haddace cewa amsar wannan ita ce ta biyu, ta wancan ta huɗu. Na ce, "'Yar nan, in suka juya tambayar fa?" Na tura ta wajen kakarta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta bayyana mata abin da ya sa wake da gyaɗa ke gyara gona. Suna ɓarar masara a tsakar gida ta yi bayanin ƙululun da ke jikin saiwa, da ƙananan halittun da ke zaune a ciki suna jawo sinadarin taki daga iska. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, ita masara me ya hana ta yi wa kanta, kullum sai mun sayo mata buhun taki?"

Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe. Washegari bayan asuba na same ta a garkar bayan gida, ta tuge wake ɗaya da masara ɗaya tana kakkaɓe ƙasar saiwoyinsu, littafin yana buɗe a kan turmi.