Labarin Zuciya a Tambayi Fuska?

Shekara goma sha biyar ke nan muna koyar da adabin baka, kuma babu shekarar da ta wuce ba mu rubuta wa ɗalibai wannan karin magana a allo ba: labarin zuciya a tambayi fuska. Mukan yi sharhinta da gadara, kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Sai da Allah Ya ba mu ɗan autanmu, sannan muka gane cewa ita ma karin magana tana da iyaka.

Tun yana goye yaron ba ya duban idon mai yi masa wasa. In an ɗauke shi, sai ya zuba wa fanka ido, ko zanen tabarma. Da farko yabo abin ya jawo masa. Kakarsa, da ta zo mana ziyara daga gida, cewa ta yi kunya ce, domin a wurinmu yaro mai tarbiyya shi ne mai sunkuyar da kai gaban manya. Da ya cika shekara uku bai fara magana ba, kuma ko an kira sunansa ba ya waiwayowa, sai yabo ya koma zargi. Wasu suka ce miskilanci ne, wasu suka ce shafar aljanu. Likita kuwa ya ce lalurar otizim ce, wadda wasu kan kira galahanga. A daren nan mahaifiyarsa ta tambaye mu: "Malam, anya yaron nan ya san ni na haife shi?"

Wannan tambaya ce ta raba mu da littattafan adabi na wani lokaci, ta kai mu ga na masana ƙwaƙwalwa. A can muka tarar cewa gane fuska aiki ne mai zaman kansa. A shekarar 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka nuna wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda yakan ƙara motsi idan ido ya sauka a kan fuska. A shekarar 2002 kuma Geraldine Dawson, a Jami'ar Washington ta Amurka, ta sanya wa yara 'yan shekara 3 zuwa 4 wata hula mai ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ta nuna musu hoton uwa da na baƙuwa. Ƙwaƙwalwar sauran yara ta amsa wa hotunan biyu daban-daban. Ta masu otizim ba ta nuna wannan bambanci ba, alhali ta bambance abin wasan da suka saba da shi da wanda ba su taɓa gani ba. A gaskiya, mun ɓoye wa uwar yaro wannan labari har tsawon mako biyu.

Amma binciken bai tsaya nan ba. A shekarar 2013 Warren Jones da Ami Klin, a Jami'ar Emory, suka bi diddigin kallon jarirai tun suna wata biyu. Suka ga cewa waɗanda daga baya aka tabbatar suna da lalurar sun fara rayuwa suna duban ido kamar kowane jariri, sai tsakanin wata biyu zuwa shida kallon ya soma raguwa. Wato ba a haife su da ƙofar a rufe ba. Kafin nan, a 2008, Karen Pierce ta nuna wa yara masu otizim 'yan shekara 6 zuwa 12 fuskokin iyayensu mata, sai yankin nan na gane fuska ya motsa kamar na takwarorinsu. A kan fuskar baƙon babba ne ya yi sanyi. Wannan shi muka fara karanta wa mahaifiyarsa, sannan muka gaya mata na farkon.

Daga nan muka daina riƙe masa haɓa muna cewa "dube ni". Muka koma zama a gefensa, muna kallon abin da yake kallo. Sannu a hankali muka lura da abin da ya daɗe a gabanmu: cikin takun mutanen gida duka, na uwarsa kaɗai ke sa shi ajiye murfin kwalbar da yake juyawa, kuma in ta yi tafiya, da mayafinta yake kwana.

Saboda haka, ɗalibai, ku da za ku zama malamai da iyaye gobe, idan kun ga yaro yana kauce wa ido, kada ku yi saurin cewa kunya ce, kada kuma ku ce raini ne. Ku kai shi asibiti da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu dai har yanzu muna rubuta waccan karin magana a allo, sai dai yanzu mukan sanya mata alamar tambaya.