Kwanakin tawada a Filinge

Asabar

Na sauka Filinge da la'asar daga Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, ƙura ta lulluɓe Dallol Boso. Bayan magariba na je gaida Alaramma, aminin mahaifina, wanda ke rubuta Alƙur'ani da ka. Ya kai izu na arba'in. Akwai littafin hotunan rubutun Farisa a jakata, amma ba a fara wa dattijo da kayan baƙi.

Lahadi

Yau haɗa tawada aka yi. Ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na taɓa ta ta fita. Ta takarda kuwa bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, a dafa, a tace, a sa ƙaro. In ta kama takarda ta kama ke nan. Alƙalamin karan gamba ne, shi ke feƙe abinsa, ko babban gardinsa ba ya bari ya taɓa masa. Marubutan Iran da karan Dezful suke tinƙaho, tawadarsu daga baƙin hayaƙin fitila, har zaren alharini suke cusawa a kurtu don kada alƙalami ya ɗebo da yawa.

Litinin

Na buɗe masa littafin a shafin Mir Imad, gwanin da aka kashe a Isfahan a 1615, zamanin Shah Abbas. Salon shi ne nasta'aliƙ, wanda ake jingina wa Mir Ali Tabrizi na ƙarshen ƙarni na 14: kalmomi na gangarowa daga dama zuwa hagu, wani harafin a ja shi dogo, wani a naɗe shi siriri. Alaramma ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Hannun nan ya zauna," ya ce. "To ɗana, ina wasullan?"

"Allah gafarta Malam, waƙa ce. Su ma in Alƙur'ani za su rubuta, galibi nasahi suke komawa."

Sai ya gyaɗa kai. Shafin da ya fi riƙe shi shi ne na gwajin hannu, inda marubuci ke maimaita harafi ɗaya a kan ɗan'uwansa har takarda ta yi baƙi ƙirin. Can irin wannan takarda adana ta ake yi, har a saye ta da tsada. Ya ce tasa ta shekara da shekaru duk ta bi ruwan wankin allo.

Talata

Na zauna gefen buzunsa tun hantsi. Baƙi yake fara gamawa, sa'an nan ya dawo da ja ya zuba wasulla, rawaya ga hamza, kore ga alifin wasali. Fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ruwayar Warshu. Haruffan masu kauri ne, a tsaye daram, yaro na iya karanta su da hasken wutar kara.

Marubucin Farisa da ɗigon alƙalami yake auna tsawon kowane harafi, ƙa'idar da ta samo asali daga Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940. Namu ma'aunin daban ne: in marubuci ya gama, alarammomi za su zauna su bi aya aya suna neman kuskure. Wancan da abin kwafa a gabansa yake aiki, wannan izu sittin na kansa. A ganina duk mai kiran rubutunmu na ƙauye bai san wace jarrabawa aka ci ba.

Laraba

An tashi makaranta da yamma, sai Juma'a. Wani almajiri na shirin sauka, an kawo allon zayyanarsa. Yayansa kuwa a waya yake tilawa, bugun Hafsu.

Alhamis

Na leƙa Shikal wajen gwaggona. Ta sa aka ɗauko gafakar kakanmu. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, kamar yadda aka saba. Da na ɗaga ɗaya a rana sai ga tambarin wata uku, takardar Italiya da fatake ke kawowa ta hamada. Rubutun ya fi na Alaramma laushi. Warƙar ƙarshe ta ɓata, kuma kaf gidan ba wanda ya san mai hannun.

Iran na da ƙungiyar marubuta mai koyarwa da ba da shaida, kuma a 2021 UNESCO ta sa shirin ƙasar na kare wannan fasaha cikin abin koyi. A Kano sunan Sharu Bala Gabari ya yaɗu ne don an buga rubutun hannunsa. A Yamai akwai rumbun tsofaffin littattafai na cibiyar bincike ta IRSH, wanda Bubu Hama ya fara tarawa. Gwanayen Kurfai, wato ƙasar Filinge, fa, wa ke riƙe da sunayensu?

Juma'a

Bayan masallaci na roƙi Alaramma, in ya kai ƙarshe, ya sa sunansa, na malaminsa, gari da shekara. Ya ce yana gudun riya. Na ce ko don jikoki su san wanda za su yi wa addu'a. Ya ce zai duba.

Mutanen Kurfai, wanda duk ke da gafaka a ɗaka ya buɗe ta, ya tambayi tsofaffi wa ya rubuta tun suna da rai, ya sa amsar a takarda cikin gafakar.