Daga Shanga zuwa Wara a ƙafa

A taswira, tafiyar kamar wasa ce: ka bar Shanga, ka bi gabar kogin Kwara zuwa Yelwa, ka ratsa tuddan Birnin Yauri, ka gangara Wara a ƙasar Ngaski. Na ɗaure jakata a baya cikin watan Janairu, sanyi na kaɗawa, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da gidan sauro da gorar ruwa.

Kafin azahar igiyar jaka ta fara cin kafaɗa. Matan Kambari suka wuce ni da kayansu a kafaɗa, ko haki ba sa yi, suna kallona suna murmushi. Tsakuwa ta huda takalmi, ƙarangiya ta cika wando, diddige ya yi bororo. Wannan duk mai sauƙi ne, domin ƙafa tana sabawa.

Abin da ba ya sabuwa shi ne hanyar kanta. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ne ke yanke wa mai tafiya inda zai taka. Tafkin yana cika sau biyu: da ruwan daminarmu, sannan da wanda ya sauka a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar, ya iso nan tsakiyar rani. Sai ka ga sama ko gajimare babu, amma turbar da aka kwatanta maka ta nutse. Ka kewaya lungun ruwa, abin da ido ke gani kusa ya cinye maka rabin yini. In ka ce ka ratsa, ga taɓo har gwiwa, ga tsoron tsargiya, ga dorina da masunta ke ambata da ladabi. Ruwa kewaye da kai, amma na sha sai ka nemi rijiya ko famfo.

A wata tunga bayan Yelwa na iske wani dattijo Bagunge yana gyaran koma, hayaƙin banda ya turnuƙe wurin.

"Ɗana, ina motarka ta lalace?"

"Baba, ba ni da mota. Wara za ni."

"Da ƙafa? Ga jirgi gobe, ranar kasuwa."

Ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa, ya ce can aka binne cibiyarsa. Mutum kusan 44,000 aka tasa saboda tafkin, har da tsohuwar Busa, inda Bature matafiyi Mungo Park ya halaka a 1806. Jirgin kuwa ban ƙi shi don jarumta ba. Tun haɗarin jirgin ruwa na watan Mayun 2021 kusa da Wara, da ya ci mutane da yawa 'yan kasuwa, gabana ke faɗuwa in na ga an shaƙe kwalekwale da buhuna.

Hawan tuddan Birnin Yauri bai kai wahalar tambayoyi ba. Bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta garin a watan Yunin 2021, baƙo mai ƙatuwar jaka ba abin sha'awa ba ne. 'Yan sa-kai suka zazzage kayana har ƙuli-ƙuli, kuma ban ga laifinsu ba. Kowace yamma aikina ɗaya: in nemi ƙofar mai gari tun kafin magariba, in faɗi sunana da asalina, a ba ni zaure, da safe a haɗa ni da yaro ya raka ni ƙauye na gaba. Haka fataken Gwanja suka ratsa ƙasar nan, hannu zuwa hannu.

Na shiga Wara ina ɗingishi, warin kifi da albasa ya tare ni tun daga bakin gari. Mai niyyar wannan tafiya, ka rage kaya, ka tambayi masunta inda ruwa ya kai a makon, kada kuma duhu ya same ka tsakanin ƙauye da ƙauye.