Sarkin ƙaramin fili

A Amurka akwai wani wasa da ko can ma ba kowa ke ganin girmansa ba. Ƙanen ƙwallon Amurka ne, wadda ake runguma da hannu ana ture-ture, sai dai shi cikin zaure mai rufi ake yin sa, a fili mai tsawon mita 46 kacal, rabin na asali, da ƴan wasa 8 a kowane ɓangare maimakon 11, ga bango mai katifa ya kewaye su. A 1987 aka kafa gasarsa, Arena Football League. Galibin masu shigar ta waɗanda babbar gasa, NFL, ta rufe wa ƙofa ne.

Jay Gruden yana cikinsu. An haife shi a 1967 a jihar Ohio, ya yi wasa a jami'ar Louisville a matsayin madugu, wato wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta fili cikin ƙiftawar ido, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Da ya gama karatu, babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi. A 1991 ya shiga ƙungiyar Tampa Bay Storm, kuma cikin shekara 6 ya ci kofi sau 4: 1991, 1993, 1995 da 1996. Ƙaramin fili ba ya yafe jinkiri. Abokan hamayya suna kusa, bango yana kusa, dabarar da ba ta zo nan take ba ta zama banza. Abin da wasu suka ɗauka wasan ƴan baya ne, shi ya zame masa makaranta.

Daga nan ya koma horarwa. Ya karɓi ƙungiyar Orlando Predators a 1998, ya ci kofi a shekarar, ya sake ci a 2000. Sai a 2002, yana da shekara 35, ya ajiye kujerar mai horarwa, ya sake ɗaura sulke, ya koma fili cikin yaran da jiya yake bai wa umarni. Wanda ke ƙidayar matakan ɗaukaka ba zai yi haka ba. Sai wanda wasan ya shiga jininsa.

Duk da haka, in an ce Gruden a Amurka, wansa Jon ake nufi, wanda ya ci kofin Super Bowl da Tampa Bay Buccaneers a farkon 2003. Jay yana cikin mataimakansa a lokacin, can ƙasa a jerin sunaye. Da yake gasar zaure da bazara ake yin ta, NFL kuwa da kaka, shekara da shekaru ya raba kansa biyu: rabin shekara shugaba, rabi yaron gidan wansa. Kofi 6 da ya tara ba su sa an kira shi da wuri ba, domin manya ba sa lissafi da abin da aka ci a inda ba sa kallo.

Kiran ya zo a 2011, da Cincinnati Bengals ta ba shi tsara hari. A 2014 ya zama babban mai horarwa a Washington, yana dab da shekara 47. Ya kai ƙungiyar saman rukuninta a 2015, sauran shekarun kuwa faɗi-tashi ne; jimillar zamansa duka: nasara 35, rashin nasara 49, kunnen doki 1. Da waɗannan alƙaluma ake auna shi yau, kuma awon bai cika adalci ba, don ya bar shekara 18 a waje.

A watan Oktoba na 2019 aka sallame shi, bayan ya sha kaye a wasa 5 na farkon kaka a jere. A watan da ya biyo baya, gasar da ta san shi sarki ta bayyana cewa ta karye, ta rufe ƙofofinta.