Laifi Tudu Ne: Darasin Da Na Ɗauko A Kan Dutsen Whitney

Akwai maganar da Bahaushe ba ya son kiran sunanta. Saboda kunya sai ya ce bayan gida, ko kewaye, ko bahaya. Duk wanda ya lura zai ga cewa akasarin waɗannan sunaye wuri suke nunawa, wato can gefe inda ido ba ya kai wa. Ina roƙon mai karatu ya yi mini afuwa, domin yau kan wannan magana zan yi rubutu, kuma a kan wani dutse na ƙasar Amurka na koyi abin da zan faɗa.

Lokacin da nake karatu a jihar Kalifoniya, wani abokina Bazazzagi, wanda ya girme ni har nake kiransa Yaya, ya matsa mini mu hau Dutsen Whitney. Tsawon dutsen mita 4,421 ne, kuma in aka cire Alaska babu wanda ya kai shi tsawo a Amurka. Tafiyar zuwa da dawowa ta kai kilomita 35. Saboda yawan masu son hawa, daga watan Mayu zuwa farkon Nuwamba sai da takardar izini, kuma ƙuri'a ake yi: mutum 100 masu dawowa a ranar, da 60 masu kwana, su ake bari kowace rana. Allah ya sa ƙuri'a ta faɗo kanmu a wani watan Agusta.

A ofishin da ke kusa da garin Lone Pine, jami'ar gandun daji ta miƙa wa kowannenmu wani ɗan ƙunshi. Da na buɗe sai na ga babbar leda da wani gari a cikinta, da takardar goge jiki, da wata leda mai kauri da ake zuge bakinta. Ba tare da ko gezau ba ta bayyana mana cewa wanda bahaya ya kama a kan dutsen a cikin ledar zai yi, garin ya daskarar da shi ya rage wari, sa'annan ya ɗaure ya sa a jakarsa ya sauko da shi, ya jefa a mazubin da aka tanada a gindin dutsen. Na dubi Yaya, shi ma ya dube ni. Da muka fito na ce masa, "Yaya, ashe ilimin da muka zo nema har da dakon najasa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai naka ne, ba na wani ba."

A lokacin na ɗauki dokar a matsayin iyayin Turawa. Daga baya na gane hujjarta. A ƙasarmu idan mutum ya haƙa rami ya binne, zafi da danshi da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sukan cinye abin cikin ɗan lokaci. A saman Whitney kuwa babu ƙasar kirki, sai falalen dutse da tsakuwa, ga sanyi, ga bushewar iska. Abin da aka ajiye yakan daɗe yana nan yadda aka bar shi. Idan ƙanƙara ta narke sai ta wanke shi zuwa ƙoramun da matafiya ke ɗiba su tace su sha, ruwan kuma ya gangara kwarin Owens, wanda birnin Los Angeles ke jan ruwa daga cikinsa tun 1913. A da an gina makewayi a zangunan hanyar, amma sai da jirgi mai saukar ungulu ake kwashe su. Zuwa 2007 hukuma ta kawar da su, ta ɗora wa kowa nauyin abinsa.

Mun kama hanya da misalin ƙarfe biyu na dare, da fitilu ɗaure a goshi. Gari na wayewa muka isa zango na ƙarshe, sama da mita 3,600, inda wani ɗan tafki yake. Nan ne abin da nake gudu ya same ni. Na laɓe a bayan wani dutse na yi yadda aka ce. Da na gama, ƙyama ta hana ni sa ledar a jakar da abincina yake ciki. Na kuma kawo wa kaina hujjar addini: yaya zan yi salla da najasa a tare da ni? Na san sarai cewa amsar ba ta wuce in ajiye jakar gefe in ta da kabbara ba, amma mai neman uzuri ba ya rasa shi. Sai na cusa ledar ƙarƙashin wani dutse, na yi wa kaina alkawarin ɗauka idan mun sauko.

Daga nan hanya ta shiga lanƙwasa kusan ɗari a jikin dutsen, numfashi yana ƙaranci, kai yana sarawa. Mun kai ƙololuwa kafin azahar. Ba zan iya kwatanta abin da ido ya gani ba, tsaunuka jere har iyakar gani. Amma saukowa ta fi hawa cin rai. Gwiwoyina na rawa, babu abin da ke zuciyata sai mota da gado. Na wuce zangon nan ban ko waiwaya ba.

Mun yi ɗan nisa sai muka ci karo da wani jami'in gandun daji, dattijo mai furfura, yana saukowa da ƙaton buhu ɗaure a bayan jakarsa. Warin ne ya fara sanar da mu abin da ke ciki. Ledojin da mutane suka yasar a hanya yake bi yana tsincewa. Bai tambaye mu komai ba, gaisuwa kawai ya yi mana. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ga mutum sa'ar mahaifina yana goye da ƙazantar mutanen da bai taɓa gani ba, kuma mai yiwuwa gobe tawa ce za ta shiga buhunsa. Na ce wa Yaya ya jira ni. Ya dube ni ya gane, sai ya ce, "Je ka, ƙanena, ina nan."

Komawar nan ta fi mini dukan tafiyar wuya. Da na isa wurin, sai na tarar da ledoji uku a ƙarƙashin duwatsu makusanta, iri ɗaya, ɗauri ɗaya. Na kasa tantance tawa. Na tsaya ina jin haushin waɗannan marasa tarbiyya, kafin na tuna cewa ni ne na ukunsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kwashe duka ukun na sauko da su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ledar da aka ɗaure aka yasar ta fi rashin ledar muni, domin roba ta kulle abin, ba rana ba iska da za su taɓa shi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Mai yin haka ya tsarkake jikinsa da idonsa, ya bar wa wani aikin. Matsalar kuma ba ta Whitney kaɗai ba ce. A Denali na Alaska gwangwani na musamman ake ba masu hawa. A 2024 ƙaramar hukumar Pasang Lhamu ta ƙasar Nefal ta wajabta wa masu hawan Ebarest sayen irin wannan leda, tare da nuna ta idan sun dawo, bayan an koka cewa dutsen ya fara wari.

Da na dawo gida sai na ga ledar nan ta riga ni isowa. Ita ce ake wurgawa a kwata da dare, ita ce a kangon maƙwabci, ita ce a kan tuddai da ganuwar da muke alfahari da tarihinsu. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma hakan. Gaskiya ne talakan da ba shi da masai a gida ko a kasuwa yana da uzurin da ni ba ni da shi a kan dutse, kuma wajibi ne hukuma ta gina masa. Amma gini kaɗai ba ya gyara hali. Addininmu ya yi hani mai tsanani ga biyan buƙata a kan hanyar mutane da inuwarsu, mun kuma haddace wannan tun muna yara. Muna riƙe buta da kyau, muna kula da tsarkin tufafi, sai dai tsaftar tamu takan tsaya a bakin zaure.

Har yau nakan tuna da dattijon nan da buhunsa. Duk abin da na ɓoye don kada in gani, akwai wanda zai sunkuya ya ɗauka, kuma yawanci wanda ya fi ni rauni ne ko ya fi ni kirki. Allah ya ba mu kunyar da za ta hana mu bar wa wani ƙazantarmu.