Daga Dawanau zuwa Bichi: Ina tsofaffin kyamarorin masu hoto su ka shige?

Duk wanda ya bar Kano ta titin Katsina, da zarar ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, to ya faɗa ƙasar da babu daji. Gona ce jikin gona, ƙauye jikin ƙauye, har Bichi, har Tsanyawa. Ga gero da dawa da gyaɗa, ga kuka da ɗorawa, ga gawo mai zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Irin wannan waje ne furodusa ke nema idan labarin sa na ƙauye ne, musamman 'yan camama.

To amma tun kafin 'yan fim su fara zuwa lokeshin da kyamarar bidiyo, waɗannan garuruwa sun san wata kyamarar: ta mai hoto. Ran kasuwa, ran biki, ran Sallah, ga shi nan bisa keke ko babur, jaka a kafaɗa. Ya ɗauka yau, ya kai fim ɗin Kano a wanke, sai mako ya zagayo kowa ya karɓi katin sa. Kuma irin wannan kyamara ce ta riƙa ɗauko hotunan fosta da na kwalin kaset a zamanin Sangaya, wajen 1999, da Wasila a 2000.

Kyamarorin sun haɗa da Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, da Yashica FX-3 ta 1979, da Zenit 'yar Rasha mai nauyi kamar dutsen niƙa. A cikin kowace akwai ɗan madubi da ke nuna wa mai hoto ainihin abin da gilashin gaba ke gani. Ya na danna maɓalli, madubin ya ɗaga, labulen ciki ya buɗe ya rufe, ƙyas! An gama.

Me ya sa su ka dace da ƙauye? Ba ruwan su da wutar Nepa. Waɗannan na ƙarfe, da sifirin su ke aiki kamar agogon wani. A Pentax da Yashica, ɗan batirin ciki na ma'aunin haske ne kurum. Ko ya mutu, mai hoto zai dubi rana ya saita da ka. Sai dai fim guda hoto 36 ne, kuma ba a ganin sakamako sai an wanke. Idan amarya ta ƙifta ido, shi ke nan, biki ba ya dawowa. Shi ya sa masu hoton da ba su danna maɓalli da garaje.

Maƙiyan kyamarar a wannan yanki uku ne. Na farko ƙurar hunturu. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ya kankare shi ke nan. Busawa ake yi da 'yar roba, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Na biyu danshin damina, wanda ke sa fumfuna ta yi saƙa cikin gilashin kamar yanar gizo, hoto ya fito dishi-dishi. Maganin sa a daina kulle ta a adaka wata da watanni, a riƙa fito da ita ta sha iska. Na uku zafin bazara, mai dafa fim har launi ya juye. Ga kuma baƙin soson da ke gefen murfin baya: idan ya tsufa ya kan narke ya yi danƙo, haske ya saci hanya ya ƙona hoto da jan zane. Ana iya sauya shi da kuɗi kaɗan. Masu sana'ar sun kuma san a cire batir kafin ajiya don kada ya yi ruwa, a riƙa danna maɓallin lokaci-lokaci don kada man ciki ya daskare.

Abin mamaki, ba kyamarar ce ta gaza ba, kasuwa ce ta juya mata baya. Kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya sanar da barin harkar a 2006, Kodak ya shiga karayar arziki a 2012 kafin ya farfaɗo. Dijital ta zo, wayar hannu ta biyo baya, masu wankin fim su ka koma buga hoto daga kwamfuta. Yau matasan Turai da Amurka sun dawo su na rububin tsohuwar K1000, alhali a nan ta na kwance ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi kyamarar daraja kuwa shi ne negetif. Kati ya kan koɗe, waya ta kan faɗa ruwa, amma negetif da aka adana a busasshen wuri ya na iya kai shekaru masu yawa, a sa shi a na'ura ya fito a kwamfuta tas. A cikin waɗannan ledoji akwai hawan Sallar hakimai, akwai fuskar kakanni, wataƙila har da jaruman da su ka riga mu gidan gaskiya su na hutawa a gindin tsamiya a lokeshin. Gara da ɗigar rufi ba su san tarihi ba.

Saboda haka, mai karatu, idan akwai tsohon mai hoto a garin ku, je ka gaishe shi. Ka ce: "Baba, ina jakar nan?" Ka je tun kafin ruwan bana ya sauka.